Yadda Na Rufe wa Motar Baba Chindo Baki

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah da Ya tara mu yau a farfajiyar tasha muna zaune kan benci, ba a ƙofar gidajen makoki muna zaune kan tabarmi ba. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah, da alayensa, da sahabbansa.

Mai girma shugaban sandika, wato ƙungiyar direbobi ta Ƙonni, Alhaji Mahaman, wanda ya miƙo mini lasifikar nan yana hararata. Mai girma wakilin magajin gari. Malamanmu, musamman Malam Sharifu da ya koya mini baƙi da wasali, kuma ina shaida muku bai koya mini ko ɗaya daga abin da za ku ji yau ba. Iyayenmu direbobin layin Tawa. Baƙinmu na Malbaza da na Illela da sunka bar lodi sunka taho. Makanikai masu baƙin hannu da farar zuciya. Abokan sana'ata masu wankin mota. Iyayenmu mata 'yan kasuwa, waɗanda in ba su babu motar da za ta cika. Jama'a maza da mata, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Wanda bai san ni ba, sunana Junaidu, ni ke wankin mota a bakin famfon tasha. Wanda ya san ni kuwa, na ga tun da na miƙe ya laluba aljihunsa ko na sa mishi ƙadangare. Ku kwantar da hankalinku, yau hannuna babu komai. Na yarda, ni ne na ɗaure wa direba Iliyasu gwangwanayen madara a ƙarƙashin mota, har ya tsaya sau huɗu kafin Tsarnawa yana neman abin da ya karye. Na yarda da wannan da wasunsa. Amma akwai wasan da na yi wanda bai ba kowa dariya ba, kuma shi ne ya tsayar da ni gabanku.

Ina gode wa Allah, domin mutum goma sha tara sunka shiga gonar gero cikin mota, kuma mutum goma sha tara sunka fito da ƙafafunsu. Ina gode wa sandika da ba ta kore ni daga tasha ba. Ina gode wa maigida Alkasum makanike, wanda ya ga abin da dukanmu munka kasa gani. Ina gode wa Baba Chindo, da ya yarda ya zauna a jere na gaba yana kallona, alhali yana da hujjar da zai ce kada ya ƙara ganin fuskata.

Jama'a, abin da ya tara mu abu guda ne: sunan Baba Chindo. Shekara talatin da huɗu yana riƙe da sitiyari tsakanin Ƙonni da Tawa, bai taɓa taka ko kaza ba. Kwana arba'in da sunka wuce motarsa ta bar kwalta, gari ya yanke hukunci cewa tsufa ne, ido ya dushe, hannu ya fara rawa. Sandika ta bincika, ta maida sunansa kan allon layi tun ranar Litinin. Amma yau kwana uku ke nan yana kawo motarsa gaban layi, fasinja su zo su durƙusa su gaishe shi da ladabi, su tambaye shi iyali, sa'annan su wuce su shiga motar da ke bayansa. Kwana uku yana zaune cikin mota babu kowa sai shi da carbinsa. Sandika tana iya rubuta suna kan allo, amma ba ta iya rubuta shi cikin zukatanku. Don haka Alhaji ya ce in zo in faɗi da bakina, a gaban kowa, abin da ya kai motar nan gona.

Na farko, ga yadda abin ya soma.

Kun san motar Baba, wadda yake kira Dattijuwa. Bara war haka tana da kuka a gabanta, ƙiƙi-ƙiƙi, kamar tsohon gadon ƙarfe. Tun tana bakin kasuwa muke jin zuwanta, mai shayi ya fara haɗa wa Baba kofinsa kafin a hango ta. Kukan yana damunsa. Wata rana ina kwance ƙarƙashinta ina wanke laka, sai idona ya kai kan wani gwangwani na baƙin mai, irin wanda ake juyewa daga inji. Na tsoma tsumma, na bi duk wata roba da na gani a gaban motar, na shafe ta sosai, na matsa man ya shiga ciki. Na fito na danna gaban mota da ƙarfi. Shiru. Na ƙara dannawa. Shiru.

Da na je na ce, "Baba, na shafa wa robobinka baƙin mai," da a ranar nan wani mai ilimi ya ji ya tsawata mini, da magana ta ƙare. Amma kun san ni. Sai na goge hannuna, na je na sunkuya kusa da shi na ce, "Baba, kawo kunnenka. Akwai wani tofi da na gada, na rufe bakin mota."

Ya ce, "Kai ɗan nan, tahi ka nemi tsaranka."

Na ce, "Baba, ka ba ni izini kawai. In ta ƙara kuka, ka hana ni wankinta."

Na zagaya motar sau uku ina motsa baki ina tofawa. Ina roƙon Malam ya shaida, wallahi ban karanta ko aya ɗaya ba, ban kai ga wannan ba. Sunayen garuruwa nake jerawa a hankali: Tsarnawa, Dabnu, Gidan Idar, Badaguishiri, Tawa, in juyo da baya in sake. Baba ya tafi yana dariya. Da ya dawo washegari bai ko kashe inji ba ya leƙo ta taga ya ce, "Junaidu, mi ka yi mata? Ko tari ba ta yi ba har Tawa!"

Kafin mako biyu labari ya cika tasha. Direbobi sunka dinga kawo mini motoci, wannan da kofin shayi, wancan da tsinken tsire. Wani bawan Allah daga Bazaga har ya ja ni gefe ya tambaye ni ko tofin yana kama jaki, wai na maƙwabcinsa ya hana shi sakat. Mota tara na yi wa. Duk mako in sun zo wanki in shiga ƙasa in sabunta mai, in fito in zagaya sau uku. Wata biyar ina wannan. Ina ganin kaina mai wayo, ina ganin na yi musu alheri kuma na sha dariyata a ɓoye. Ban san ina kashe su a hankali ba.

Na biyu, ranar da abin ya faru. Ba na cikin motar, abin da Baba da fasinjoji sunka faɗa nake maimaitawa.

Ranar kasuwar Badaguishiri ce, da hantsi, mota cike, buhuna a sama. Tun daga Tsarnawa fasinjan gaba ya lura Baba yana ta murza sitiyari, kaɗan dama, kaɗan hagu, a miƙaƙƙiyar hanya da babu kwana. Bayan Dabnu sai ga amalanken jaki ya fito daga gefe. Ba wani abu ba ne, Baba ya kauce wa dubunsa. Ya ɗan juya, mota ba ta amsa ba. Ya ƙara juyawa, sai ta amsa duka a lokaci guda, ta yi tsalle ta bar kwalta, ta bi kunyoyin gero tana tangaɗi, ta jingina da wani tudun ƙasa ta tsaya a karkace. Ba ta kife ba. Inna Kande mai saida zogale ta gurɗe a hannu, wani ya fasa leɓe, buhuna sunka watse. Iyakar ta'adin ke nan, alhamdu lillahi, alhamdu lillahi.

Da anka zauna a buro, wato ofishin sandika, tambayar farko da Alhaji ya yi ita ce: "Motar tana da wata cuta?" Kowa ya ce a'a. Direbobi sunka ce duk tashar Ƙonni babu mota mai lafiyar Dattijuwa, mota ce da ba ka jin ko motsinta. Birki yana ci, tayoyi ba su fashe ba. To in mota lafiya lau take, saura wa? Saura mai tuƙi. Ina tsaye bakin taga lokacin da ake yabon shirunta, kuma Allah Ya gafarta mini, har wani daɗi na ji a raina. Shirun da na ɗora mata shi ne shaidar da anka kama Baba da ita, ni kuwa ina gyaɗa kai.

Anka cire sunansa daga allo. 'Ya'yansa sunka roƙe shi ya huta. Anka ja motar anka ajiye bayan tasha, babu wanda ya leƙa ƙarƙashinta. Abin da ya fi ciwo, shi kansa Baba ya yarda. Ya koma zaurensa ya zauna kan tabarma, ya ɗora hannuwansa kan gwiwa yana kallonsu kamar na wani.

Na uku, yadda gaskiya ta fito, kuma ba da jaruntata ta fito ba.

Kwana goma sha biyu bayan haɗarin, na kai bokitin ruwa garejin maigida Alkasum, na tarar da motar Iliyasu a kan rami. Alkasum ya fito daga ƙasa da wani baƙin abu a tafin hannunsa, ya danna shi da babban yatsa, yatsan ya nutse kamar cikin dafaffen dankali.

Ya ce, "Iliyasu, wa kake gaba da shi a tasha?"

Iliyasu ya ce, "Ni? Ni da ko ƙuda ba na kora da ƙarfi?"

Alkasum ya ce, "To wani shina zuba ma robobinka baƙin mai, kuma ba yau ya fara ba. Da ka ƙara wata ɗaya, sai ka juya sitiyari mota ta ce ma bari ta yi shawara tukuna."

Iliyasu ya yi dariya ya ce, "Haba maigida, motata tofi gare ta. Ga mai tofin nan ma da bokiti."

Alkasum ya dube ni, ya dubi baƙin da ke ƙarƙashin farcena. Na aje bokiti na ce bari in ƙaro ruwa. Ban tsaya ko'ina ba sai ƙofar Malam Sharifu. Na faɗa mishi komai ina haki. Bai ɗaga murya ba, ya ce, "Motar wa da wa ka taɓa?" Na fara jerawa, na ce ta farko ita ce Dattijuwa. Malam ya ce, "Tashi. Ba ni ne za ka gaya wa ba. Batun wasa da sunan tofi kuwa, wannan ni da kai ne, in ka dawo." Na dawo kuwa, kuma abin da ya biyo baya ba na lasifika ba ne.

Daga wurin Malam na je na faɗa wa Alkasum da Alhaji Mahaman, a ranar kuma mu uku munka je bayan tasha. Kun san Alhaji da tsabta. Ya tuɓe babbar rigarsa, ya shimfiɗa kwali, ya kwanta ƙarƙashin Dattijuwa da kansa. Alkasum ya ce in hau in dinga motsa sitiyari.

A nan bari in yi wa iyayenmu mata da sauran fasinja bayani yadda anka yi mini. Sitiyarin da direba ke riƙewa ba shi ke juya taya kai tsaye ba. Akwai wani dogon ƙarfe kwance a ƙarƙashin gaban mota, makanikai suna ce mishi kiremayer. Shi ke karɓar saƙo daga hannun direba ya kai wa tayoyi biyu. An ɗaure shi a jikin mota, kuma tsakaninsa da jikin an cusa roba mai tauri da ke riƙe shi ƙyam a wurinsa. Irin wannan roba tana nan kuma a hannuwan ƙarfen da ke riƙe taya. Mu nan silanbulok muke ce mata, 'yan tsallaken iyaka su ce bushin. Ƙarama ce, wata ba ta kai gwangwanin tumatir ba. Kuma roba tana shan mai yadda burodi ke shan shayi: ta kumbura, ta yi laushi, ta saki abin da take riƙe.

Ina motsa sitiyari, Alkasum yana cewa, "Ƙara! Koma! Ƙara!" Tayoyi suna tsaye ba su san ana yi ba. Dogon ƙarfen ne gaba ɗayansa ke zamewa, dama da hagu, faɗin yatsa biyu, kafin saƙo ya isa ga taya. Daga ƙarƙashin mota na ji muryar Alhaji yana salati.

Munka wuce gidan Baba mu uku. Na durƙusa a bakin tabarmarsa na faɗi abin da na faɗa muku yanzu, kaina a ƙasa. Baba ya saurara har ƙarshe. Can ya dubi Alkasum ya ce, "Ke nan ba hannuna ba ne?"

Alkasum ya ce, "Ba hannunka ba ne, Baba. Hannunka ne ma ya hana ta kifewa. Da yaro ne ke riƙe da ita, da yau muna zaman makoki."

Baba ya ce, "Ba idona ba ne?"

Alkasum ya ce, "Ba idonka ba ne."

Baba ya juyo ya dube ni. Ya sunkuya a hankali ya ɗauki takalminsa. Jama'a, waɗanda ke cewa Baba Chindo ya tsufa, ina ma kun ga gudun da ya yi a bayana daga zaure har kwanar masallaci. Alhaji yana cewa a riƙe shi, sai Inna Ummul-Khairi, uwargidan Baba, ta leƙo ta ce, "Ku ƙyale shi! Ku ƙyale shi ya bi shi! Kwana goma sha biyu bai tashi daga tabarmar nan ba sai don salla!" Takalmin ya same ni tsakiyar baya, daga nesa, ina gudu ina kaucewa. Duk mai shakkar idon Baba da saitin hannunsa, ya zo bayan taro in nuna mishi wurin.

Hukuncin da sandika ta yanke mini shi ne in shiga ramin Alkasum in taya shi, har sai an canza robobin duk motocin da na taɓa. Wata guda na yi a ramin nan. Ina farin cikin shaida muku cewa mota tara an same su duka, har da wata ta Malbaza da munka yi mako muna cigiya, kuma duka an gyara su kafin wata ta bi sawun Dattijuwa. Ranar da munka ɗaure ƙusa ta ƙarshe, na zauna bakin rami na gode wa Allah. A ramin na koyi wasu abubuwa, kuma maigida ya ce in ban faɗe su yau ba kada in koma garejinsa.

Ya ce in faɗa muku: kukan mota ba rashin kunya ba ne, magana ce. Robar da ta bushe, ko ta tsage, ko yashi ya shige ta, ita ke kuka, kuma kukan nan shi kaɗai ne bakin da take da shi. Wanda ya rufe bakin bai warkar da ita ba, ya hana ta kiran taimako ne. In ta yi kuka, a kai ta a duba.

Ya ce in faɗa wa abokan sana'ata masu wanki, kuma wannan namu ne mu duka, ba nawa ni kaɗai ba. Kun san in mun gama wanke ƙasan mota mukan fesa gazwal, wato man dizal, ko baƙin mai don ya yi ƙyalli, mai mota ya leƙa ya ce an yi aiki. Mu bari. Daga yau mu bari. Ƙyallin nan yana cin roba. Ruwa da sabulu sun isa. Direbobi kuma, in kun ga mai yana ɗiga daga inji ko daga famfon sitiyari yana sauka kan roba, ku toshe yoyon tukuna, in ba haka ba sabuwar da kunka sa za ta bi hanyar tsohuwa.

Dubawa ba ta buƙatar inji, ba ta buƙatar boko, ni ma da allo kaɗai na riƙe na iya. Mutum biyu kawai. Mota tana tsaye a ƙasa, ɗaya ya motsa sitiyari kaɗan kaɗan, ɗaya ya kwanta ya kalla. Ya kamata taya ta motsa tare da hannu, dogon ƙarfen kuma ya tsaya a wurinsa. In ka ga roba ta tsattsage kamar ƙasar fadama da rani, ko ta kumbura ta fito daga gidanta, ko ka danna ta da yatsa ta karɓa, ta gama aiki. A duba har da robar nan mai ninki-ninki da ke rufe bakin ƙarfen ta kowane gefe, domin in ta yage yashinmu ba ya neman izini. Masu bin hanyar Alela da ƙauyuka, inda mota ke wuni tana karkarwa, ku naku dubawar ta fi ta kowa yawa, musamman bayan damina. A kan hanya kuma, in kana jin bugu a tafin hannunka, in mota tana ja gefe, in taya tana cinyewa ta ɓangare ɗaya, kada ka ce sai wani mako.

Sauran kuma na makanikai ne, ku gafarce ni, ni ɗan wata ɗaya ne a cikinku. Na san akan yanka tsohuwar taya, har da silifa, a cusa a madadin roba. In ka lalace a daji, yi, ta kai ka gida. Amma ba a ɗora rai goma sha tara kan silifa. In za a canza, a canza dama da hagu tare. Kada a ɗaure ƙusoshin hannun taya har ƙarshe mota tana rataye kan jak, a sauke ta ta tsaya da nauyinta tukuna, don kada robar ta murɗe tun ranar farko. Sa'annan a daidaita tayoyi.

Akwai magana ɗaya da ba ta Alkasum ba ce, ta Baba ce, kuma shi ya ba ni izini in faɗa. Ya ce tun makonni kafin haɗarin yake jin sitiyarin ya yi sako-sako a hannunsa. Ya ji. Direban shekara talatin da huɗu ba zai kasa ji ba. Amma motar shiru take, kowa yana yabonta, shi kuma furfura ta cika mishi gemu, kuma ya sha jin matasa suna raɗa cewa lokaci ya yi da tsofaffi za su ba da wuri. Sai ya zargi hannunsa, ya ɓoye, yana tsoron in ya ce "mota tana yawo" a ce mishi "kai ne ke yawo." Ni na zuba mai, wannan nawa ne, ba na raba shi da kowa. Amma tsoron da ya hana dattijo buɗe baki, mu duka munka gina shi. Iyayena direbobi, duk wanda ya ji wani abu a sitiyarinsa ya faɗa, kuma duk wanda anka faɗa wa kada ya yi dariya. Ni da kaina, sarkin dariya, nake roƙon wannan. Kafin a auna mutum, a kwanta ƙarƙashin motarsa.

Yanzu ga inda muke. An sa wa Dattijuwa sababbin robobi, an gyara jikinta. Baba ya je likitan ido, ya karanta allon har layin ƙasa. Ranar Lahadi ya ɗauki Alhaji da Alkasum ya kai su Malbaza ya dawo da su, Alhaji ya ce kofin shayin da ke hannunsa bai zuba ba. Mota ta warke, takarda ta fito, suna ya koma allo. Saura ku.

Bakunan da sunka ce Baba ya tsufa suna cikin taron nan, ban ce ku tashi ba, nawa ma yana ciki tunda na gyaɗa kai. Ina roƙon bakunan nan su koma kasuwa, su koma majalisa, su koma ƙauyuka, su faɗi sabon labari da ƙarfin da sunka faɗi tsohon. Ku ce ba hannunsa ba ne. Ku ce ba idonsa ba ne. Ku ce Junaidu mai wanki ne da gwangwanin baƙin mai. Ni zan iya ɗaukar sunan, yaro ne ni, ina da shekarun da zan wanke shi. Baba ba shi da shekarun da zai jira.

Gobe da safe Baba Chindo ne na farko a layin Tawa. Ina roƙon alfarma ɗaya, kuma wallahi babu wasa a cikinta. Duk wanda ke da tafiya gobe, Badaguishiri ko Tawa ko tsakani, kuma ya yarda ya shiga motar Baba, ya ɗaga hannunsa yanzu Baba ya gani.

Kada ku duba maƙwabcinku. Ku ɗaga kawai.

Ɗaya. Uku. Bakwai, ga iyayenmu mata can baya. Goma sha biyu. Malam, kai ma? Goma sha shida. Ashirin. A'a, jama'a, ku dakata, motar ba ta ɗaukar haka. Alhaji, ka shaida ba ni na ce a yi lodin wuce ƙa'ida ba.

Baba, ɗago kanka. Bar gyaran hular nan, ta zauna daidai. Ɗago ka duba bayanka. Wasu sai sun jira jibi.

Ya Allah, Ka tsare direbobinmu a tafiya da dawowa. Ka ba makanikanmu ido mai gani da hannu mai amana. Ka ba Inna Kande da duk wanda ya ji ciwo a ranar nan lafiya cikakkiya. Ka ƙara wa Baba Chindo ƙarfin hannu da hasken ido, Ka cika mishi motarsa da fasinja da albarka. Ka sa wa sandikarmu haɗin kai, Ka ba ƙasarmu zaman lafiya da damina mai kyau. Baƙinmu na Malbaza da Illela, Allah Ya maida ku gida lafiya. Ni kuma ku roƙa mini Allah Ya shirye ni, Ya bar mini dariyar da ba ta cutar da kowa.

Na gode.